Dan Allah wai kalmar "get" ta Turanci ma'anarta nawa ne?

Sadiya_M:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu Turanci a taimaka min da wannan kalmar ta get, wlh ta hana ni sakat. Tun muna firamare abin da aka koya mana shi ne get na nufin samu, I got a gift na samu kyauta, shikenan magana ta ƙare. To amma yanzu duk fim ɗin da na kunna ko wani rubutu na buɗe a intanet sai inga get a inda babu abin da aka samu, mutum zai ce I'm getting tired, to ita gajiya kuma samunta ake yi? wani yace I don't get it alhali ba wanda ya miƙa masa komai, wata kuma ana ƙwanƙwasa ƙofa ta miƙe tana cewa I'll get it, na zuba ido inga me za ta samo sai naga ƙofar kawai ta buɗe. Na duba ƙamus a waya ina ta ja ƙasa ina ta ja ma'anonin sun ƙi ƙarewa har na gaji na rufe. Tambayata ita ce haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya ko akwai wata dabara da ake gane wacce ake nufi? Sannan got da gotten wanne ne daidai, don an taɓa ce mana gotten kuskure ne amma kullum ina jinsa a bakin Turawan da kansu. Nagode.

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kafin masana su iso bari in tambaye ki, ke "ci" a Hausa ma'anarsa nawa? An ci abinci, an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci amana, an ci mutunci, alƙali ya ci shi tara, wuta ta ci gida, kasuwa tana ci, wuƙar nan ba ta ci, wane ya ci sarauta, ƙungiyarmu ta ci wasa, ci gaba da magana. Kin taɓa zama da littafi kika haddace su? Ai da kinji abin da ya biyo bayan ci kin san inda aka dosa, ko tunani ba kya yi. Baturen da ya zo koyon Hausa aka ce masa ci shi ne eat, ranar da ya ji ance wane ya ci amanar wane haka zai yi zuru yana neman kwanon da aka zubo amanar. To get ma haka take a wajensu, ba wai ta fi ƙarfinki bane.

Malam_Garba:
Abu Safwan ya taɓo inda ya kamata, bari in ɗora. Da farko dai ki kwantar da hankali, ba ke kaɗai ba ce, kuma dole ki riƙa cin karo da ita, domin a lissafin da masu ƙamus na Oxford suka fitar na aikatau da aka fi amfani da su a Turanci get ce ta biyar, be da have da do da say ne kaɗai a gabanta. A hirar baki ma ta wuce haka, babban littafin nahawun nan na Longman da ya fito a 1999 ya nuna cewa in aka ware be da have da do to a hira get ce kan gaba. Kinga ashe ba kalmar da za ki kewaye ba ce.

Dabarar kuwa ita ce ki daina tsayawa kan get ɗin, ki dubi abin da ke bayanta.

In suna ne ya biyo, wato wani abu, nan ne samu ɗin da aka koya muku yake aiki, amma shi ma yana da faɗi. I got your message saƙonka ya iso ni. Where did you get this shirt, ina ka sayi rigar nan, ba wai tsintarta ya yi ba. Get me a chair, ɗauko min kujera. The police got him, 'yan sanda sun cafke shi. I got a cold, a nan mu cewa muke mura ta kama ni, su kuma a wajensu kai ne ka samo ta. Duk dai abu ɗaya ne, da babu abin a hannunka yanzu akwai, ko da kuɗi ka saya ko ba ka aka yi ko zuwa ka yi ka ɗauko, get ba ruwanta da hanyar.

In kuma sifa ce ta biyo, kamar tired, dark, angry, old, ready, to ki ajiye samu gefe ki ɗauko zama ko fara. Nan ne gajiyar da kika tambaya take. I am tired na gaji, ina cikin halin. I'm getting tired na fara gajiya, ina kan shiga halin. It is dark akwai duhu, it's getting dark duhu ya fara yi. He got angry ya fusata, wato ɗazu lafiya lau yake. She is married matar aure ce, she got married ta yi aure, na farkon halin da take ciki ne na biyun kuma ranar da abin ya faru. Wannan bambancin na be da get shi ne rabin aikin gaba ɗaya a ganina, wanda ya riƙe shi ya huta da yawa. Kuma abin dariya a wuri ɗaya Hausa ta yi daidai da su, he's getting better yana samun sauƙi, mu ma samun muka ce.

In wuri ne ya biyo, isa ake nufi. What time did you get to the office, ƙarfe nawa ka isa ofis. How do I get to the airport, ta ina zan bi in isa filin jirgi. Sai dai a kula, home da here da there ba sa ɗaukar to, I got home late ake cewa, got to home ba Turanci bane.

Sai na huɗu, inda mu muke cewa "aka" ko "an". He got arrested an kama shi, she got fired an kore ta daga aiki, my phone got stolen an sace min waya. Za ki iya cewa he was arrested ma'ana ba ta canza ba, amma get ta fi zuwa a baki kuma ta fi son abin da ya faɗo wa mutum kwatsam, yawanci mara daɗi, ko da yake ana cewa he got promoted an ƙara masa girma. In kikaji an ƙara himself a tsakiya, he got himself arrested, to akwai zargi a ciki, shi ya jawo wa kansa.

Na ƙarshe wanda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kai shi ne sa wani ya yi abu. I got him to sign, na shawo kansa ya sa hannu, da lallami ko da dabara. I made him sign kuma tilasta shi na yi, kuma ki lura make ba ta ɗaukar to a nan. Haka in abu ne aka yi miki, I got my phone fixed na kai an gyara min waya. Mu a Hausa sai mutum yace na gyara wayata alhali mai gyara ya kai wa kuma kowa ya gane, to in kika juya shi kai tsaye kikace I fixed my phone Bature zai ɗauka ke kika kwance ta da hannunki. Haka I cut my hair da I got my hair cut, na farkon kai ka riƙe almakashin.

I don't get it ɗin kuma ban gane ba kawai yake nufi, maganar ce ba ta iso ba. Get it? ka gane? ka ɗau haske? An fi yinsa bayan an ba da abin dariya ba wanda ya dara.

Sadiya_M:
Kai Malam Allah ya saka da alheri, wlh yanzu na fara ganin hanya, musamman wannan na be da get. Amma har yanzu mai ƙofar nan ban ga inda zan sa ta ba, ƙofa ai ba ɗaukowa za ta yi ba. Kuma I've got fa? naga suna cewa I've got two brothers, kenan samo su ya yi?

Maman_Ilham:
Ƙanwata I'll get it ɗin nan ki ɗauke shi a matsayin "bar min zan yi" kawai. Ana buga ƙofa I'll get it zan buɗe, waya na ƙara I'll get it zan ɗauka, an kawo takardar biyan kuɗi mutum ya sa hannu a aljihu yace I'll get this, ni zan biya. Abin da ke faruwa a wurin ne yake gaya miki ma'anar ba kalmar ba.

I've got kuma duk da siffarsa ta abin da ya wuce, yanzu yake nufi, daidai yake da I have, ina da. I've got two brothers ina da 'yan uwa maza biyu, she's got long hair tana da dogon gashi, have you got a pen kana da biro. Mutanen Ingila sun fi yin wannan, 'yan Amurka sun fi cewa do you have a pen, amma kowa na gane kowa. Kuma a yanzu kaɗai yake aiki, in jiya kike nufi I had za ki ce ba I had got ba. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ce I get two brothers, wannan buroka ne, a buroka daidai ne get tana nufin mallaka, amma a daidaitaccen Turanci I get na nufin abin da kake samu a kai a kai, I get headaches ina yawan ciwon kai, I get paid on Friday ran Juma'a ake biyana.

Akwai wasu biyu da nake so ki riƙe don kamarsu ɗaya amma hannun riga suke. I've got to travel dole in yi tafiya, ba yadda zan yi, shi ne kike ji suna haɗiyewa suna cewa gotta. I get to travel kuma na samu damar yin tafiya, daɗi yake ji. Kinga ɗan bambanci kaɗan ne tsakani, ɗaya yana ƙorafi ɗaya yana murna. I didn't get to see her ban samu ganinta ba, naso amma bai yiwu ba.

Sai I got you da samarin yanzu suka riƙe, wannan sai kin kalli fuskar mai maganar. Wani lokacin na fahimce ka, wani lokacin kada ka damu ina tare da kai zan ji da shi, wani lokacin kuma na kama ka, in an yi wa mutum tsiya ya faɗa. You got me kuma in an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ƙure ni kenan. What gets me is, abin da ke ci min rai shi ne, kinga mun koma kan ci ɗin Abu Safwan hhh.

Tsohon_Ɗalibi:
Ni kan got da gotten zan yi magana tunda ba wanda ya taɓa shi. Wanda yace miki kuskure ne Turancin Ingila ya karanta, a can get got got ake jerawa, a Amurka da Kanada kuma get got gotten, kowanne daidai ne a gidansu. Abin da zai ba ki mamaki ma gotten ɗin ce tsohuwa, a Ingilar aka haife ta, waɗanda suka ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17 suka tafi da ita suka riƙe, su kuma na gida sannu a hankali suka yar da wutsiyar suka bar got. Amma ba ta ɓace musu gaba ɗaya ba, har gobe Baturen Ingila forgotten yake cewa, wanda for ne da gotten, kuma yana cewa ill-gotten gains, dukiyar da aka tara ta haram.

Kuma kada ki ɗauka ɗan Amurka gotten yake sawa ko'ina, yana raba su kuma rabon na da amfani. I've got a car ina da mota. I've gotten a car na samu mota, na sayo, da ba ni da ita. It's gotten cold sanyi ya shigo. Ba za kiji yace I've gotten two brothers da nufin yana da su ba. To shi na Ingila got ɗaya yake amfani da ita a duka sai dai a gane daga zancen.

Tunda an zo nan bari in ƙara da asalinta don ni abin yana burge ni. Get ɗin nan ba 'yar gida ba ce tsantsa, daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, kakannin 'yan Denmak da Norwe, a bakinsu geta ce. Su ne maharan teku da suka fara kai farmaki Ingila a ƙarshen ƙarni na 8, harin da aka fi ambata shi ne na tsibirin Lindisfarne da ke arewa maso gabashin Ingila a 793, daga baya a 865 suka zo da babbar runduna suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar aka yi auratayya harsuna suka cakuɗe. Kalmomi irin su take da egg da sky da leg da window har da they duk ta wannan hanyar suka shigo. Tsohon Turanci yana da 'yar uwarta amma a manne cikin wasu kalmomi take, irin kakar forget. Shigowarta daga harshen maharan nan ne ma yasa ake furta get da g mai ƙarfi duk da e na biye da ita, ba kamar gentle ko general ba da ake furtawa kamar j.

Shawarata in jarrabawa za ki rubuta wadda ake bin tsarin Ingila to ki tsaya kan got, in kuma tsarin Amurka kika ɗauka ki tafi da shi har ƙarshe, cakuɗawar ce ba a so.

Nura_Lantarki:
Duk naji bayananku amma ni dai abin da na sani malamai na hana amfani da get a rubutu, ance kalmar ragwaye ce. Me zai hana ta koyi obtain, receive, become, arrive, understand ta huta? kowacce ma'anarta ɗaya ba ruɗani.

Malam_Garba:
Malam Nura rabin maganarka gaskiya ce. A takardar neman aiki ko rahoto ko rubutun jami'a I received your letter ya fi I got your letter kyau, we obtained permission ya fi we got permission, ba musu. Amma ita tambayarta a kan abin da take ji ne, ko ta daina faɗa ai ba za ta hana su faɗa ba, dole ta gane. Sannan ka gwada cire get a hira kaji yadda za ka koma, abokinka ya tambaye ka ina ka sayi takalmi kace where did you obtain, ko kace I am becoming hungry, nahawu bai karye ba amma sai an kalle ka sau biyu kamar mai karanta sanarwar gwamnati. Kuma akwai wuraren da ba ta da madadi mai sauƙi, get dressed, get married, get ready, get up, me za ka sa a wurinsu? arise from bed? Ni abin da nake gaya wa ɗalibai su san duka biyun su san inda kowanne ke zama, wanda ya iya obtain kaɗai bai iya get ba zai rubuta wasiƙa mai kyau amma ba zai bi hirar minti biyar ba.

Zee_Baby:
Ni inda ta fi ba ni wahala shi ne in aka manna mata 'yan ƙananan kalmomin nan, up, on, off, over, by, away, nan kam dabarar Malam ta duba abin da ke baya ba ta cika fitar da mutum ba sai ka san su ɗaya ɗaya kamar sabbin kalmomi. Wasu dai da sauƙi, get up tashi, get out fita, get back dawo. Amma get over fa, he never got over her death bai taɓa warwarewa daga rasuwarta ba, get over it kuma in aka faɗa maka da tsawa to haƙura ka wuce wurin ake nufi kuma ba da tausayi ba. Get by lallaɓawa, we get by muna dai maneji. Get along ko get on with jituwa, they don't get along ba sa ga maciji. Get away tserewa, amma da an ƙara with ya zama yin laifi a sha, he lied and got away with it ya yi ƙarya ya ci bulus. Get rid of rabuwa da abin da ya dame ka. I'll get back to you zan neme ka daga baya, wanda sau da yawa in kaji shi a ofis to ka san sai dai wani ikon Allah. Get used to sabawa, kuma abin da ke biyo shi ing yake ɗauka, I'm getting used to waking up early na fara sabawa da tashin wuri, ba getting used to wake up ba, wannan yana kayar da mutane sosai. Sai wanda za a yi hattara da shi, I got lost na ɓata hanya ba laifi, amma ka kalli mutum kace get lost to ka ce masa ɓace min da gani, faɗa ka nema.

Sadiya_M:
Hhh Zee wannan na ƙarshen gara da kika faɗa. Saura ɗaya dan Allah kada ku gaji da ni, me yasa ake cewa get on the bus amma get in the car, ba duka shiga bane?

Maman_Ilham:
Duka shiga ne amma sun raba. Abin da za ki shiga ki iya miƙewa tsaye ki taka zuwa kujerarki, bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, babban jirgin ruwa, get on ne, in za ki sauka get off. Wanda sai kin sunkuya kin zauna kai tsaye, ƙaramar mota, tasi, get in ne ko get into, fitarsa kuma get out of. Keke da babur da doki get on ne su ma tunda a kai ake zama, sauka get off. Ƙaramin kwalekwale yawanci get in suke cewa. In kikace I got on the car za su gane abin da kike nufi amma hoton da zai fara zuwa musu a kai shi ne kin ɗare saman rufin motar, haka in kikace wa direban tasi I want to get down, mu kalmar sauka ta Hausa muka juya, su get out za su ce, a bas kuma get off, where do I get off a ina zan sauka.